Bargon ƙyallen atamfa: ina zan samo zane, kuma yaya ake sauke shi a jikin yadi?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shekara uku ke nan ina tara ƙyallayen atamfa da ke raguwa in na yi wa mutane ɗinki, har sun cika buhu biyu. Ƙanwata za ta yi aure bayan babbar sallah, na ce bari in yi mata bargo irin wanda Turawa ke haɗawa da ƙyalle, su sa auduga a tsakiya, su bi shi da ɗinki. Saman na gama shi: gida talatin, kowane inci 12, biyar a faɗi shida a tsawo, na zagaye shi da yadi ruwan madara marar zane mai faɗin inci 6. Inda na tsaya shi ne ɗinkin da ake bi a kai ya riƙe sama da tsakiya da ƙasa. A hotuna ina ganin furanni da igiya da ganye, ko'ina daidai wa daida kamar an buga hatimi. Ina ake samo zanen? Kuma da me ake fitar da shi a jikin yadi ba tare da ya ɓata shi ba?

Hajiya Mai Keke (shugabar zaure): Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Maman Haidar, gida talatin ba wasa ba. Anti Bilki, wannan fanninki ne, in kina kusa.

Ummu Sultan: 'Yar'uwa ki sauƙaƙa wa kanki. Ki ja layi a miƙe da rula, tsakani inci biyu, ki bi da keke, shi ke nan. Atamfa ita kanta zane ce, duk furen da kika ɗinka a kanta ba mai ganinsa. Na taɓa yin na jarirai guda huɗu na sayarwa, wanda na sha wahalar yi wa ado da wanda na yi wa layi kawai kuɗi ɗaya aka biya.

Anti Bilki (Ohio): Salam, yanzu na taso daga aiki, a yi haƙuri. Maman Haidar abu biyu ne, kuma a Turance ma mutane kan haɗa su su rikice. Akwai zanen haɗa ƙyalle, wato yadda za ki yanka ki jera, wannan kin wuce shi. Sai zanen ɗinkin sama, shi ne kike tambaya. Abin da kike gani daidai wa daida ɗin nan ba da ka ake zana shi ba. Wata 'yar leda ce mai ƙarfi, an yanka siraran hanyoyi a jikinta, ana ce mata sitensil. Ki ɗora a yadi, ki bi hanyoyin da alli ko fensir, ki ɗaga, ki matsa gaba, ki sake. Irin dai abin da masu rubuta lamba a jikin motocin haya suke yi da fenti.

A nan jiharmu ta Ohio a Amurka, a yankin Holmes, akwai mutanen Amish masu yawa, waɗanda ba sa ja wutar lantarki a gidajensu, suna tafiya a keken doki. Matansu da hannu suke wannan ɗinki, su kafa bargon a katako su zauna su kewaye shi. Na je shagunansu ya fi a ƙirga. Abin da na lura da shi, tsofaffin bargunansu yadi ne marar zane, mai duhu, sai su zuba duk gwanintar a ɗinkin sama. To a nan maganar Ummu Sultan tana kan hanya: cikin atamfa ado ba ya fita. Amma ke kina da gefe ruwan madara inci 6 zagaye da bargon, can ne filinki. Tsakiya ki yi layi, gefe ki yi ado.

Ummu Sultan: Haka ne Anti, ban kula da maganar gefen ba. Amma ina nan kan bakana in na sayarwa ne.

Maman Haidar: Na gode Anti. To ina zan samu zanen? Na duba Pinterest, in na danna hoto sai ya kai ni inda ake neman dala.

Anti Bilki (Ohio): Pinterest wurin kallo ne kawai. Ki je shafukan kamfanonin da ke buga yadi, irin su Moda da Robert Kaufman da Riley Blake, kowannensu yana da sashen zane kyauta, saboda so suke a sayi yadinsu. Mafi yawa na haɗa ƙyalle ne, za su yi miki amfani a bargo na gaba. Na ɗinkin sama kuwa, ni tsofaffin barguna nake kallo. Akwai rumbun hotuna na Quilt Index da Jami'ar Jihar Michigan ke kula da shi, barguna dubun-dubata, da gidan tarihin barguna na International Quilt Museum da ke garin Lincoln a Nebraska, shi ma ya sa nasa a intanet. Ki buɗe hoto ki faɗaɗa, za ki ga sawun allura. Tsofaffin zanen nan, igiya, gashin tsuntsu, ɓawon kifi, mafici, ba mallakar kowa ba ne, sun fi shekara ɗari ana yin su.

Sadiya ɗaliba: Anti ni ina da wasu fayil na PDF da wata ta turo min a wani zaure, sun kai ashirin, in zuba su a nan?

Hajiya Mai Keke (shugabar zaure): Sadiya ki fara dubawa. In na kyauta ne ki turo mana inda aka samo. In kuwa wata ce ta zauna ta zana take sayarwa, kar ki sa mana a nan. Mu ma masu sana'a ne, mun san zafin a ɗauki guminka a raba. Haƙƙi ne.

Sadiya ɗaliba: To Hajiya, na duba, akwai masu farashi a jiki. Na bar su.

Baba Tela Zazzau: Assalamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini, ni kuma ina faɗa yana rubutawa. 'Yata Maman Haidar, abin da kike nema har Amurka, sana'a ce da na tashi na tarar a cikin birnin Zariya. Babbar riga ba mai ɗinki ne ke fara taɓa ta ba. Sai an kai wa mai zane, ya shimfiɗa ta, ya fitar da aska da tambari da gida biyar da dagi a jikinta, a biya shi ladansa, sannan a miƙa wa mai allura ya bi sawu. Mai zane daban, mai ɗinki daban. Hula ma haka. Kuma wannan cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki, ai lifidi ke nan. Ki kalli 'yan lifidi ranar hawan sallah, doki da mahayinsa duk a lulluɓe. Da can don kibiya aka yi shi, ba don sanyi ba.

Malama Asabe Jos: Baba Allah ya ƙara lafiya. Wallahi maganar lifidi ta faranta min rai, ban taɓa haɗa su a raina ba. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai lifidin doki daga Sudan, an haɗa shi da ƙyallaye launi-launi an cusa masa audugar rimi, ana kyautata zaton daga yaƙin Omdurman na 1898 aka ɗauko shi. In ka ga hotonsa sai ka ce bargon Maman Haidar ne aka yafa wa doki.

Kuma batun mai zane daban da Baba ya kawo, a arewacin Ingila ma an yi haka. A ƙauyen Allendale, ƙarshen ƙarni na 19, akwai wani mai kanti George Gardiner, da almajirarsa Elizabeth Sanderson wadda ta zo ta fi shi suna. Mata kan aiko musu da yadi ta gidan waya, su zana da shuɗin fensir, su mayar, mai bargo ta ɗinka a gida. Matan Wales kuwa faranti da kofin shayi suke kifawa su zagaye. A Amurka jarida ce ta zama mai zanen: Kansas City Star ta riƙa buga zanen bargo daga 1928 har 1961, sama da dubu, mata na yankewa suna adanawa.

Maman Haidar: Ikon Allah. Baba to ko dagi zan sa a gefen? Mijin da ƙanwar tawa za ta aura ma ɗan gidan sarauta ne.

Sadiya ɗaliba: Ni da aska takwas za ki sa a tsakiya babba, zai yi kyau sosai.

Baba Tela Zazzau: Dagi ki sa, ba laifi. Yana jikin bango, yana jikin fata, yana ƙofar gida. Amma aska 'yata Sadiya, ni ban so ba. Aska tana da mazauninta, a ƙirjin riga wajen aljihu, kuma a da ba kowa ke sa mai takwas ba. A ce an shimfiɗa ta a gado yara na tsalle a kai, raina bai kwanta ba.

Malama Asabe Jos: Baba a gafarce ni, a nan ina da ja kaɗan. Matan cikin birninku sun daɗe suna fitar da zanen riga a kayan mata da rigar filo da abin shimfiɗa a tebur, kuma da shi suke ciyar da gida. Zanen da aka killace a wuri ɗaya, in masu sa rigar suka ragu sai ya bi su. Ni na fi tsoron ɓacewarsa a kan tsallen yara.

Baba Tela Zazzau: Malama kin yi magana, kuma na san matan da kike nufi, wasu 'ya'yan abokaina ne. Ban hana kowa ba. Abin da zan yi da hannuna na faɗa. Kuma ko ta fannin aiki, aska cike ake yi mata da zare, shi ke ba ta kwarjini. In layi ɗaya kawai aka zagaya, tsinin nan takwas sai su zama kamar haƙoran zarto. Dagi kuwa asalinsa layi ne da ke shiga yana fita ya komo inda ya faro, ya dace da keke, ba yawan yanke zare.

Anti Bilki (Ohio): Wannan maganar ta ƙarshe ta Baba ita ce ƙa'idar da ake bi a nan wajen sayen sitensil. Akwai na hannu, mai guntayen layi barkatai, domin mai allura tana iya zura ta cikin auduga ta ɓullo gaba. Akwai na keke, wanda layinsa ba ya yankewa. In kika ɗauki na hannu kika hau keke da shi, ƙulla zare kaɗai zai cinye miki mako.

Rabi Damagaram: Sannunku da hira. Ni matsalata inci. Mu nan da santimita muke aiki. Na taɓa buga wani zane a shagon kwamfuta, na yanka, ashe ya ragu, gidajen suka ƙi haɗuwa.

Anti Bilki (Ohio): Rabi takarda ce ta jawo. Ta Amurka inci 8 da rabi ce a 11, taku A4 ce, milimita 210 a 297, ta fi siranta ta fi tsawo. In mai shago ya bar na'ura ta daidaita hoton da takarda, sai ta rage shi kaɗan, ido ba ya gani. Ki ce masa ya buga a ɗari bisa ɗari. Yawancin zanen suna da ɗan akwati na gwaji mai inci ɗaya a gefe, ki sa tef a kai kafin ki bar shagon, ya ba ki santimita 2.54. Sannan bakin ɗinkinsu kwatan inci ne, wajen milimita 6, ba santimita ɗaya da muka saba bari ba.

In kuma girman zanen ne bai yi ba, lissafin mai sauƙi ne. Girman da kike so, ki raba da girman da ke takarda, ki ninka da ɗari. Misali fure mai inci 8, kina so ya zauna a gida mai inci 12. Kar ki cika gidan, ki bar rabin inci kowane gefe, wato 11 kike nema. 11 a raba da 8 a ninka da ɗari, 137 da rabi. Ki ce a yi miki hoto a 138, a takardar A3 don ba zai shiga A4 ba.

Maman Haidar: Na rubuta. Yanzu ledar fa? Na zaga Kantin Kwari ban ga mai kama da ita ba.

Hajiya Mai Keke (shugabar zaure): Ba sai kin saya ba. Ledar da ake sa wa a bangon takardun ɗalibai in za a ɗinke su a shagon kwamfuta, mai ƙarfin, ta isa. Tsohon hoton ƙashi na asibiti ma yana yi, in kin jiƙa shi a ruwan bilic baƙin zai fita ya bar leda garau, sai dai ki fara yanke wurin sunan mai shi. Ki zana dagin a takarda tukuna. Ki ninke takardar huɗu, ki zana kwata ɗaya, ki kwafe sauran a jikin gilashin taga, ta haka ɓangarorin za su zo ɗaya. Ki ɗora ledar a kai ki bi da alƙalamin maka, sannan ki ɗora a katako ki yanka da sabuwar reza, hanya siririya wadda bakin fensir zai shiga. Babban abin kula: kar ki yanke layin gaba ɗaya. Duk bayan inci ɗaya ko biyu ki tsallake ɗan wuri ki bar gada, in ba haka ba tsakiyar zanen zai zube a hannunki. In kin sauke a yadi sai ki haɗa gurbin gadojin da hannu.

Baba Tela Zazzau: Akwai wadda ta fi wannan sauƙi. Cire zare daga keke, sama da ƙasa, sa tsohuwar allura, ki bi zanen a kan takarda mai kauri. Zai fito da huji a jere. Ki ƙulla hoda ko dakakken alli a ƙyalle, ki ɗora takardar a yadi, ki riƙa shafawa. Ɗigo-ɗigo za su sauka. Sai dai farar hoda ba za ta fito a ruwan madara ba, ki daka alli mai launi ki gauraya kaɗan.

Ummu Sultan: Ni biro ɗin nan da guga ke gogewa nake amfani da shi, ba ruwana da hoda.

Anti Bilki (Ohio): Ummu Sultan don Allah ki yi hattara da shi. Tawadar ba fita take ba, ɓuya take. Zafi wajen digiri 60 a ma'aunin Selshiyos ke ɓatar da launin, in sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifiri sai ya dawo. Ya faru da ni, bargon da na yi wata biyu a kansa na bar shi a bayan mota cikin Janairu, da safe duk layukan sun fito, na yi kuka ranar. Ku ba ku da irin wannan sanyi, amma a yadi mai duhu yakan bar farin sawu bayan guga. Shuɗiyar makar da ruwa ke wankewa ta fi aminci, da sharaɗi biyu: kar guga ya taɓa ta kuma kar a bar ta a rana, zafi na iya kama ta daram, sannan a fara ɗauraye ta da ruwan sanyi zalla kafin sabulu. Mai ruwan hoda-shuɗi da ke ɓacewa da kanta kuwa, da damina kafin ki gama gefe ɗaya ta tafi. A yadi mai duhu, siririn guntun sabulun da ya kusa ƙarewa ya fi duka. Kowanne dai ki gwada a ƙyallen yadin, ki wanke, ki gani.

Ummu Sultan: Subhanallah, ban sani ba. Zan sa ƙyalle a firiza yau in gani da idona.

Malama Asabe Jos: Ni kuma ina so in ce wani abu kar Maman Haidar ta ɗauka sai da rula da kwamfuta ake bargo. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, da tsofaffin wandunan gona da buhu suke nasu, ba sitensil, layi ya karkace su bar shi. A 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan tarihin zane na Houston, aka wuce da shi New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hotunansu. Hannu yana da nasa kyan.

Baba Tela Zazzau: Gaskiya ne Malama, amma su sun gaji abin tun suna yara, ido ya riga ya zauna. Mai fara koyo, kuma kayan amarya, gara ta bi sawu.

Rabi Damagaram: Me za a sa a tsakiya? Soso?

Hajiya Mai Keke (shugabar zaure): Soso yana da zafi kuma yana ruɓewa in an sha wanki. Faiba ta shimfiɗa marar kauri, wadda masu zanin gado ke saya, ta fi. Audugar rimi kar ki soma, santsi gare ta, wanki ɗaya za ta dunƙule gefe. Don zafin garinmu ma ana iya sa tsohon zanin gado mai laushi, kamar yadda matan Bangladash ke jera tsofaffin zannuwansu su bi da ɗinki. Kuma Maman Haidar, ina fatan kin wanke ƙyallayen kafin ki haɗa, ko ɗaya ce mai zuba a ciki za ta rina miki ruwan madarar nan.

Maman Haidar: Na wanke su Hajiya, biyu jajaye sun zuba na cire su. Bari in je in gwada duk abin da aka faɗa.

Maman Haidar: Salam, na dawo bayan kwana shida. Na yanka dagi a ledar bangon takarda, faɗinsa inci 5, ta uku ce ta yi kyau, biyun farko gadojin sun yi siriri sun karye. Shuɗin alli ya fita tas a wanki. Na sauke shi a gajeren gefe, inci 60, dagi sha biyu cif. Amma dogon gefen inci 72 ne, sha huɗu sun shiga, saura inci biyu a ƙarshe ba komai. Ga kuma kusurwa huɗu ban san yadda zan juya ba.

Anti Bilki (Ohio): Masha Allah! Inci biyun nan raba su za ki yi, kar ki tara su wuri ɗaya. Ki yanko takarda doguwa daidai inci 72, ki ninke biyu ki sami tsakiya, kowane rabi ki raba shi bakwai, ki sa alama. Kowane dagi zai zauna a tsakiyar gurbinsa, ƙarin bai kai milimita 4 ba, ba mai gani. Ki fara daga tsakiyar gefe ki nufi kusurwa. Kuma tunda alli ne, kar ki zana duka yanzu, zai goge. Ki haɗa sama da faiba da ƙasa, ki kafe da fil mai kulle duk tazarar tafin hannu, ki gama layukan tsakiya daga cibiyar bargon zuwa waje, sannan ki zana gefe ɗaya ki ɗinka, ki zana na biyu. In kekenki Butterfly ne na ƙafa, ki ƙara tsawon taku ki ɗan sassauta abin da ke danne yadi, don kar saman ya riƙa turuwa gaba.

Baba Tela Zazzau: Kusurwa kuma kar ki wahalar da kanki da lanƙwasa shi. Kowace kusurwa gida ce mai inci 6 a 6. Ki sa tambari guda a ciki, da'ira cikin da'ira, dagin ya taho daga nan ya taho daga can su tsaya a bakinsa. Murfin kwalba da kofi da ƙaramin kwano sun isa su fitar miki da shi. In kin ga bai zauna ba, ki ɗauki hoton kusurwar da tef a kwance a kai ki turo, bayan sallar Juma'a zan zana a takarda yaron nan ya aiko miki.